Yadda Ake Gano Inda Wayar Lantarki da Kayan Sola Ke Ɗaukar Zafi da Kyamarar Zafi

Kafin robar waya ta narke ko bireka ta ƙone, wurin yakan yi makonni yana ɗaukar zafi a ɓoye. Kyamarar zafi tana nuna maka wannan wuri tun bai yi ɓarna ba, kana tsaye nesa, wuta na aiki, ba ka taɓa komai ba. Sai dai lambar da take nunawa lissafi ce take yi, kuma wanda bai san abin da ke shiga lissafin ba zai iya ganin digiri 40 a kan ƙarfen da ya kai 90.

Duk abin da ke duniya yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infirared, kuma gwargwadon zafin abu gwargwadon yawan hasken da yake fitarwa. William Herschel ne ya gano shi a 1800. Kyamarar ba ta harba komai zuwa jikin abin da ake aunawa, karɓar hasken kawai take yi, a zangon maikiromita 8 zuwa 14, ta mayar da shi hoto mai launi. Saboda haka saman abu kaɗai take gani. Ba ta ratsa bango, ba ta ratsa murfin ƙarfe, gilashi ma ba ta ratsa shi. Idan ka auna ta bayan gilashin taga, zafin gilashin ka auna.

Kayan aiki

Kyamarar zafi. Akwai ta hannu, akwai ƙarama da ake maƙala wa wayar salula, daga kamfanoni irin su FLIR, Fluke, Testo, Hikmicro da UNI-T. Abin dubawa kafin saye shi ne yawan fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, na idon zafin kansa, ba na allon ba. Mai 80×60 za ta nuna maka cewa akwai zafi, amma ba za ta raba maka sukuru biyu da ke kusa da juna ba. Don aikin gida da shago, 160×120 ita ce mafi ƙaranci, 256×192 ta fi. Ka tabbata tana barin ka canza lambar ε, wadda ke gaya mata yadda saman abu ke fitar da haskensa (bayani na Mataki na 3).

Mitar lantarki mai baki da ake maƙala wa waya, wadda ke auna AC da DC duka. Yawancin masu araha AC kaɗai suke aunawa, ba za su karanta wayar batir ko ta fanel ba.

Baƙin salatif na masu gyaran wuta, mai kyau, marar sheƙi sosai. Takardar alminiyam ta naɗe abinci da guntun kwali. Kofi da ƙanƙara. Robar busa iska ta share idon kyamara. Safar hannu ta lantarki, gilashin kare ido, takalmin roba, sukundireba da sifana masu naɗaɗɗen hannu. Littafi da biro.

Mataki na 1: Bar kyamara ta saba da wurin, sannan ka gwada ta

Kunna ta ka bar ta minti 5 zuwa 10. Idan daga mota mai sanyi ka fito da ita zuwa ɗakin inbata a tsakiyar bazara, ba ta minti 20. Za ka riƙa jin ɗan ƙas, hoto ya tsaya na ɗan lokaci. Ba lalacewa ba ce, daidaita kanta take yi.

Gwajin ƙanƙara ya isa ya gaya maka lafiyarta. Cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, zuba ruwa kaɗan, motsa, jira minti 3, sa ε a 0.95, ka auna saman ruwan daga kusa. Ya kamata ka ga kusa da sifili. Yawancin kyamarori suna da kuskuren digiri 2 ko kashi 2 cikin 100, don haka ko ka ga 1.5 babu damuwa. Idan ka ga 6 ko 7, kada ka amince da lambobinta sai an gyara.

Ƙurar hunturu tana zama a idon kyamara. Busa ta da iska kafin ka goge. Ana yin idon yawanci da wani ma'adini da ake kira jamaniyam, mai siririn shafi a kai, gefen riga da ƙura suna karce shi. Kada kuma ka taɓa fuskantar da ita ga rana kai tsaye, tana iya barin tabo a hoton har abada.

Mataki na 2: Ɗora lodi

Wayar da ba ta ɗauke da wuta ba ta zafi, komai lalacewar haɗinta. Nan mafi yawan sababbin hannu suke faɗuwa: su zo da safe an kashe komai, su zagaya, su ce lafiya lau. Ka kunna kayan da aka saba kunnawa, firij, famfon ruwa, na'urar sanyaya ɗaki, dutsen guga, har lodin ya kai aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da layin zai iya ɗauka. Bar shi haka minti 30 zuwa awa ɗaya zafi ya zauna. Auna amfiya, wato yawan wutar da ke gudu a waya, da mita ka rubuta.

Dalilin nacewa a kan lodi shi ne zafin da haɗi ke haifarwa yana tafiya ne da amfiya sau amfiya. Inbata mai 5kVA a kan batir 48V tana jan kusan amfiya 100 idan an cika mata lodi. A ce kan batir ya ɗan saki, turjiyar da yake yi wa wuta ta kai 0.002 na om, ma'aunin turjiya. A amfiya 50 zai fitar da wat 5 na zafi. A amfiya 100 wat 20 ne, duk a kan ɗan guntun ƙarfe. Lodi ya ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu.

Kashe fankar da ke busa wurin. Iska tana kwashe zafin saman haɗi ta ɓoye maka matsala. Akwatin da ke waje rana na dukansa kuwa a duba shi da sassafe ko bayan magariba, in ba haka ba zafin rana za ka auna.

Mataki na 3: Saita ε

Wannan ita ce lambar da ke gaya wa kyamara yadda saman abu ke fitar da haskensa, daga sifili zuwa 1. A cikin saitin za ka gan ta da alamar ε ko EMS. Abu mai lamba babba yana faɗin gaskiyar zafinsa. Mai lamba ƙarama yana riƙe nasa, ya dawo da na abin da ke gabansa, wato madubi ne a idon kyamara.

Fatar mutum 0.98 ce. Baƙin salatif, roba da robar jikin waya kusan 0.95. Fenti marar sheƙi 0.90 zuwa 0.95, kuma launinsa bai dame ka ba, fari da baƙi kusan ɗaya suke a wannan zango. Gilashin fanel kusan 0.85. Jan ƙarfen da ya dafe ya yi duhu 0.6 zuwa 0.8. Amma jan ƙarfe ko alminiyam mai sheƙi bai wuce 0.05 ba, kuma a nan haɗarin yake, domin mafi yawan haɗin lantarki da irin wannan ƙarfe ake yin su. Sabon kan waya mai ƙyalli zai iya kai zafin da zai ƙona fata, kyamara ta nuna shi shuɗi.

Kada ka yi ƙoƙarin gyara wannan da sa ε a 0.05. Da zarar lamba ta yi ƙasa da 0.6, ɗan kuskure kaɗan sai ya zama digiri goma-goma. Hanya mai kyau ita ce ka bar ε a 0.95 ka nemo wurin da ya dace da ita. Auna robar waya daidai inda ta shiga haɗin. Auna jikin bireka na roba kusa da sukurun. Auna cikin rami ko lungu, kamar tsakanin noti da kan waya, domin lungu yana fitar da haske fiye da shimfiɗaɗɗen wuri. Mafi kyau duka, ranar da aka kashe wuta ka manna ɗan guntun baƙin salatif a kan kowane ƙarfe da za ka riƙa dubawa, ko ka ɗiga masa fenti marar sheƙi. Daga ranar kana da tabbataccen wurin awo. Ba a manna salatif a kan ƙarfe mai wuta.

Idan kana son sanin ε na wani abu da ba ka sani ba, manna masa salatif, jira su yi zafi ɗaya, karanta zafin salatif a 0.95, sannan ka koma gefensa kana rage ε har lambar ta yi daidai da ta salatif. Wannan yana aiki ne idan abin ya fi iskar wurin zafi da aƙalla digiri 20.

Mataki na 4: Zafin da ke dawowa daga kewaye

Kyamarori da yawa suna da wurin shigar da zafin abubuwan da ke kewaye. A cikin ɗaki, idan babu wani abu mai tsananin zafi kusa, sa zafin ɗakin ya wadatar. Kusa da janareta, ko ƙarƙashin kwanon rufi da rana ta gasa, sai a auna. Cukuikuye takardar alminiyam, buɗe ta da ƙwanƙwasarta, shimfiɗa a kwali, ajiye ta a gaban abin da za ka auna tana fuskantar kyamara. Sa ε a 1.00, karanta matsakaicin zafin takardar, shigar da shi, sannan ka mayar da ε inda take.

Gwaji mai sauƙi na raba zafin gaske da inuwa: matsa gefe taku ɗaya. Idan tabon zafin ya bi ka, inuwar jikinka ce ko ta ƙwan fitila. Idan ya tsaya inda yake, na gaske ne.

Mataki na 5: Nisa da tsayuwa

Kafin lamba ta zama abin dogaro, abin da kake aunawa sai ya cika aƙalla fiksel 3 a tsaye da 3 a kwance. Kyamara mai fiksel 256 a faɗi da ido mai buɗewar digiri 56, daga nisan mita 1 kowane fiksel yana rufe kusan milimita 4. Ke nan abin da bai kai milimita 12 ba za ta haɗa zafinsa da na bayansa ta ba ka lambar da ta gaza gaskiya. Daga mita 3 sai abu ya kai kusan santimita 4. Jawo hoto da maɓalli ba ya ƙara komai, fiksel ɗin ne kawai ke kumbura. Matsawa kusa ita ce magani, muddin ba ka shiga haɗari ba.

Idan kyamarar tana da zoben daidaita gani, juya shi har gefen abubuwa su fito tsaf. Hoton da ya yi dishi-dishi yana rage lambar wuri mai zafi. Launi da ε ana iya gyara su a kwamfuta daga baya idan kyamarar na adana awon kowane fiksel, amma dishi-dishi ba shi da gyara. Tsaya ɗan karkace kaɗan don kada inuwarka ta dawo, amma kada karkatar ta wuce kusurwar digiri 60 daga fuskantar abin kai tsaye.

Mataki na 6: Akwatin rabon wuta, inbata da batir

Wanda ya san aikin lantarki ne kaɗai zai buɗe murfin akwati mai wuta. A sa safar hannu da gilashi, a cire zobe da agogo, kada a miƙa hannu ko kyamara cikin akwatin. Kafin buɗewa duba murfin ta waje. Idan shi kansa yana da wuri mai zafi sosai, ko kana jin ƙauri ko ƙarar tartsatsi, kashe wuta tukun. Da an buɗe ka ɗauki hoto nan take, domin iska na shiga kayan ciki za su fara hucewa.

Bi hanyar wuta daga inda ta shigo: mita, akwatin canja wuta tsakanin NEPA da janareta, babbar bireka, ƙananan bireku, sandar nutural, sannan inbata, fis ɗin batir da kan kowane batir. Siffar zafin ta fi lambarsa bayani. Idan ya fi tsanani a kan sukuru yana raguwa yayin da kake bin waya, haɗin ne ya saki ko ya dafe. Idan wayar ta yi zafi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, lodi ya fi ƙarfinta ko siririya aka sa, kuma ɗaure sukuru ba zai yi maganin komai ba. A wuta mai layi uku, idan ɗaya ya fi sauran zafi auna amfiyar kowanne kafin ka yanke hukunci, sau da yawa rabon lodi ne bai daidaita ba. Fis ɗin da ya yi sanyi ƙalau alhali 'yan uwansa na da ɗumi, wataƙila ya yanke.

A jerin batura, wanda ya fi sauran zafi da digiri kaɗan yana buƙatar gwaji na musamman, don mai yiwuwa wani ɗaki a cikinsa ya lalace. Batirin dalma an tsara shi ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwarsa kusan biyu. Hoton ɗakin batir a watan Afrilu hujja ce mai ƙarfi ta shawo kan mai gida ya buɗe wa ɗakin taga.

Mataki na 7: Fanel

Ƙa'idar duniya ta duba fanel da kyamarar zafi, IEC TS 62446-3 ta 2017, ta buƙaci hasken rana ya kai wat 600 a kowace murabba'in mita, sama garau ko da gajimare kaɗan, iska ba ta wuce kilomita 28 a awa ba. A ƙasar Hausa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana yawanci ana samun haka, sai ranar hazo mai kauri ko hadari. Idan ba ka da mitar hasken rana, auna amfiyar layin fanel ka gwada da wadda aka rubuta a takardar bayansa. An rubuta waccan ne a kan wat 1000, don haka idan ka samu kashi 60 cikin 100 nata ko fiye, rana ta isa.

Abin da ake yawan mantawa: idan batura sun cika, na'urar caji tana rage jan wuta daga fanel, wuta ta daina gudu, tabon zafi ya ɓace. Ka kunna lodi mai nauyi don fanel su yi aiki sosai, ka jira minti 15.

Sa ε a 0.85. Gilashi yana dawo da hoton sama, kuma sama mai tsabta tana karantuwa ƙasa da sifili, gajimare kuma ya fito kamar tabo mai ɗumi. Yi gwajin matsawa gefe a kowane tabo. Inda za a iya shiga ƙarƙashin fanel, dubawa ta baya ta fi, domin farar robar bayan ba ta da wannan sheƙi, sai ka mayar da ε kusa da 0.9. Kada inuwarka ta faɗa kan fanel, ita kanta tana haifar da tabo.

Lafiyayyen fanel a tsakar rana yakan fi iska zafi da digiri 20 zuwa 30, launinsa iri ɗaya, da ɗan ɗumi daidai ƙaramin akwatin da ke bayansa. Idan gida ɗaya daga cikin ƙananan murabba'an da ke fuskar fanel ya yi zafi shi kaɗai, duba da ido: kashin tsuntsu, ganye, inuwar eriya ko ta tankin ruwa, laka da ta taru a gefen ƙasa. Idan wurin tsaf yake, gidan ya tsage ne daga ciki. Dogon zirin da ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na fanel ya fi sauran ɗumi yana nuna matsalar diyod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ko yankewar layi a cikin fanel, kuma kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi. Fanel ko jeri guda da ya fi maƙwabtansa ɗumi da digiri kaɗan ko'ina iri ɗaya ba ya ba da wuta, haɗinsa ya yanke. Tabo barkatai a warwatse alama ce ta cewa wayoyin fanel ɗin sun haɗu da juna. Gidan da ya fi na kusa da shi da digiri 10 zuwa 40 a bincike shi. Wanda ya haura 40 yana iya ƙona robar baya, a cire fanel ɗin daga layi.

Bi wayoyi ka duba kowace mahaɗar MC4, wato fulogin da ke haɗa wayoyin fanel. Wadda aka matse da filaya maimakon abin matsewarta, ko aka haɗa ta kamfani daban da daban, ita ce ke yawan zafi. Ba a zare ta wuta na gudu, tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa. Idan ƙura ce ta yi yawa, a wanke da sassafe gilashi na da sanyi, a sake dubawa da rana.

Mataki na 8: Yanke hukunci da gyara

Ka dogara da bambanci tsakanin abubuwa biyu iri ɗaya masu lodi iri ɗaya fiye da lamba guda, domin kuskuren ε yana shafar su tare. Ana yawan bin ma'aunin NETA, ƙungiyar masu gwajin kayan lantarki ta Amurka: bambancin digiri 1 zuwa 3 a sa ido, 4 zuwa 15 a gyara da zarar an samu dama, sama da 15 a gyara nan take. Idan babu abin kwatantawa sai iskar wurin, abin da ya fi ta da digiri 40 gyaran gaggawa ne. Waya mai robar PVC iyakarta digiri 70, kuma ƙarfen ciki ya fi abin da kake gani a waje zafi. Ka tuna da lodin da ka auna a kai: bambancin digiri 8 a amfiya 40 zai iya kusantar 30 a amfiya 80.

Rubuta wuri, rana, lokaci, zafin iska, amfiya, ε da nisa, ka ɗauki hoton ido na wurin tare da na zafi. Wajen gyara a kashe NEPA, janareta, inbata da layin fanel, a gwada da mita. Batir ba ya kashuwa, sifana mai naɗaɗɗen hannu kaɗai za ta taɓa shi. Haɗin da ya daɗe yana zafi ɗaurewa kaɗai ba ta isar masa. Kwance shi, kankare dafewar, yanke wayar da ta ƙone, sa sabon kai, ɗaure gwargwadon abin da kamfani ya rubuta, don wuce gona da iri yana murƙushe waya. Mayar da lodin farko, jira minti 30, sake ɗaukar hoto daga inda ka tsaya da farko.

Idan babu kyamara

Bindigar awon zafi ta masana'antu tana aiki da ilimi ɗaya, sai dai lamba guda take bayarwa ba hoto. Jan ɗigon da take haskawa nuni ne kawai, ba shi ke awo ba. Wurin da take karantawa yana faɗaɗa da nisa kamar hasken tocila. A jikinta za ka ga 12:1 ko 8:1. Mai 12:1 daga santimita 120 tana karanta da'ira mai faɗin santimita 10, wadda ta fi kan bireka girma nesa ba kusa ba. Daga santimita 30 da'irar ta koma santimita 2.5, kuma a wannan kusanci jan ɗigon yakan ɗan kauce wa tsakiyar wurin awo. Masu araha an kulle ε ɗinsu a 0.95, don haka salatif ya zama dole a kan ƙarfe. Danne maɓalli ka ja ta a hankali bisa layin haɗe-haɗe kana kallon lambar MAX, sannan ka koma ka nemo inda ta tashi. Bindigar auna zazzaɓi ta goshi ba ta wannan aiki, an tsara ta ne a kan ɗan zangon zafin jikin mutum, da ta ci karo da waya mai digiri 60 sai ta nuna Hi kawai.